Furannin dajin ƙasar Sakkwato da abin da mutanenmu ke yi da su

Tambaya: Baba, ni malamar firamare ce a nan Sakkwato. Duk furannin da aka zana a littafin da muke koyarwa da shi na ƙasashen waje ne. Yara sun tambaye ni ko mu ma muna da namu, na rasa abin faɗa. Shin akwai furannin daji na asalin ƙasar nan? Akwai wata al'ada da kakanninmu ke yi da su, ko fulawa abin Turawa ne kawai?

Amsa: Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da ba ki sallami yaran nan da amsar da ba ki tabbatar ba. Akwai su, da yawa ma. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin gandun daji tsakanin Gwadabawa, Tangaza, Wurno da Isa, kuma babu watan da ban ga wani abu ya yi fure ba, ko a tsakiyar zafin Afrilu da garwashi ke zuba daga sama.

Abin da ya ɓatar da ke shi ne kalmar fulawa. Fulawa ita ce wadda ake shukawa a tukunya don kallo, ita kam baƙuwa ce. Namu fure ne, ko hure yadda muke faɗa a nan. Bahaushe bai saba tsinke fure ya ɗaure ya miƙa wa wani ba, bai kuma saba kai shi kabari ba, to wanda ya zo yana neman irin wannan al'adar zai ce ba mu da komai. Tamu daban take. Manomi da makiyayi da tsohuwa mai neman ganyen miya suna duban fure su san inda shekara ta kai, su san ko ƙasa ta gaji, su san abin da za a ci da abin da zai kashe akuya. Mafi yawan wannan ilimi kuwa a cikin sunaye aka ajiye shi.

Fara wa yaranki da karin maganar da kowa ya sani: ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Mutane da yawa suna faɗarta ba su san akwai tsiro mai suna ƙarya ba. Ɗan guntun icce ne mai kaurin gindi kamar tulu, da rassa masu laushi. Da rani, lokacin da ya zubar da ganyensa kaf, sai ya cika da fure ja mai haske, bakin ya fi cikin ja, har ka hango shi daga nesa kamar an rataya masa mayafi. Da wuya a gan shi da 'ya'ya a cikin gari, shi ya sa tsofaffi ke haɗa sunansa da karin maganar. A gaskiya yana yi, 'ya'yan sukan fito biyu-biyu kamar ƙahonni, su tsage su saki iri mai gashi iska ta ɗauka, sai dai ba kowace shekara ba kuma ba kowane gindi ba. Ruwan jikinsa dafi ne, maharban da suna sa shi cikin dafin kibiya. Yau masu sayar da fulawa a bakin titi suna sa shi a tukunya su kira shi da sunan Turanci, mutum ya saya da tsada yana zaton daga waje aka kawo, alhali kakarsa ta san shi a bayan gida. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Daga ƙarshen ɗari zuwa bazara, daji ya bushe ƙurmus, sai runhu da marga su yi fure rawaya. Na marga yana saukowa zara-zara kamar an rataya sarƙa. Wanda ya ga marga ta cika ya san lokacin sharar gona da kai taki ya yi. Aduwa ma a ranin take huda, ƙananan furanni kore-kore da ba sa ɗaukar ido, amma mata sun san su: su da sabon tohon ne ake kira dubagira, a dafa a zubar da ruwan ɗaci, a kwaɗa da ƙuli. A watannin da rumbu ya yi ƙasa, dubagira ta riƙe gidaje da yawa.

Sai ruwan farko ya sauka, a nan galibi cikin Yuni. Bayan 'yan kwanaki za ki ga wani farin fure ya ɓullo daga cikin rairayi, wani lokaci tun kafin ganyensa ya fito sosai. Da yamma yake buɗewa, ya yi ƙamshi cikin dare, kafin rana ta yi zafi washegari ya yanƙwane. Sunansa hatsin manoma. Dubi yadda sunan ya faɗi lokacinsa: tare da fitar masu shuka yake fitowa. A wurare masu danshi kuma akwai albasar kwaɗi, babban fure fari da jan layi a tsakiyar kowane kunne. Su duka biyu suna da kai kamar albasa a ƙarƙashin ƙasa, inda suke ɓoye ruwa da abinci su yi wata takwas ko tara suna jiran damina. Abin da ya sa suke riga kowa fure ke nan, ba sa jiran iri ya tsira.

Irin waɗannan masu kan albasa su ne asalin abin da ake kira gadali, kuma a nan ne al'ada ta fi zurfi. Da can za ka shiga gida ka ga an dasa shi a tsohuwar tukunya a wani lungu, ba a yarda kowa ya taɓa. Wani na farin jini ne, wani na kasuwa, wani na tsari, Fulani kuma suna da nasu na yawan shanu. Kowane da sharaɗinsa na abin da za a zuba masa da ranar da za a ɗiba. Ra'ayina a fili yake: albasa ba ta kawo arziki ba ta hana shi, malamanmu sun daɗe da bayyana wannan, kuma ban so ki koya wa yara shi a matsayin gaskiya. Amma ki koya musu cewa an yi. Masu gadali ne suka fara raba waɗannan tsirrai iri-iri suna renonsu a gida, sun san wanda ke son inuwa da wanda ke son rairayi, kuma sun san suna da guba, don kusan dukansu in an ci suna sa amai mai tsanani. Haka kauci, wannan da ke maƙalewa a reshen wani icce yana shan ruwansa, mai jan fure siriri kamar ashana. Tsuntsaye ne ke shuka shi: su ci 'ya'yan, irin mai yauƙi ya manne a reshe. Masu magani ba sa kiransa kauci kawai, sai sun ce kaucin kaza, kaucin tsamiya ko kaucin gawo, domin a wurinsu icen da ya hau shi ne ke ba shi aikinsa.

Tsakiyar damina ta masu kwaɗo da miya ce. Tafasa da furenta rawaya, gasaya da nata fari mai dogayen gashi kamar gizo-gizo, yaɗiya mai hawa shinge wadda ake cin ganyenta har da furen, da yoɗo, wanda mutanen gabas ke kira karkashi, mai fure kamar ƙaramar ƙararrawa ruwan hoda. Yoɗo miya ne, kuma da shi mata ke wanke kai tun kafin a san sabulun kwalba. Ga wani abin da za ki gyara wa yara: soɓon da suke sha ba kunnen furen sure ba ne. Furen yakan buɗe ya faɗi a yini guda, sai ƙoƙon da ke riƙe da shi ya yi kauri ya yi ja, shi ake ɓarewa a shanya. Filasko kuma, ɗan gajere mai fure rawaya da ke shimfiɗe a fako, maganin wankin ciki ne da kowace tsohuwa ta sani. Danginsa ne Larabawa ke kira sana, wanda ya zo a hadisi, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837 kuma yake kwance a Wurno, ya yi rubuce-rubuce a kan magani har da wani a kan sana ɗin. Ki faɗa wa yara wannan, su san manyanmu sun ɗauki hakin daji abin nazari.

Yanzu ga wanda ya fi kowa kyau a gona, wanda kuma manomi ya fi ƙi: ƙuduji. Wajen Satumba za ki wuce gonar gero ko dawa ki ga ta yi shar da fure ruwan hoda, baƙo ya tsaya yana sha'awa, mai gona kuwa zuciyarsa ta ɓaci. Irin ƙuduji ƙanana ne kamar ƙura, gindi ɗaya yana zubar da dubbai barkatai, kuma suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma. Ba sa tsira sai sun ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Da sun ji sai su tsira su soke saiwar, su yi makonni suna shan ruwa da abincin hatsin a ƙarƙashin ƙasa. Kafin a ga kansu a waje ɓarna ta riga ta yi nisa, hatsin ya tsumbure, ganyen ya yi kamar wuta ta lashe shi. Daga nan ya samo ɗaya sunan nasa, wuta-wuta. Tun kafin a auna komai a ɗakin bincike manomanmu sun san ƙuduji alamar gajiyar ƙasa ne, sun san ya fi yawa a gonar da aka daɗe ana maimaita mata hatsi ba taki. Maganinsu shi ne wanda har yau ake ba da shawara: a sa Fulani su kwana da shanu a gonar da rani, a sauya da gyaɗa, a tuge shi kafin ya zubar da iri a ƙone. Kuskuren da na fi gani shi ne a tuge shi da furensa a yar a kunya, irin ya ƙarasa nuna a nan ya koma ƙasa. Akwai kuma ɗan'uwansa mai kama wake.

Tumfafiya ma irin wannan labari take bayarwa. Inda ta yi yawa, an cinye ƙasa da noma ko kiwo. Mun raina ta don tana ko'ina, amma ki ɗauko furenta guda ki nuna wa yara kusa: fari ne, bakinsa shunayya, da ɗan kambi a tsakiya kamar maƙeri ya ƙera. Ana sa sandunanta a rufin ɗaki don gara ba ta cika damunsu ba, audugar cikin 'ya'yanta ana cusa matashi da ita, Fulanin wajen Borgu da Kwara kuma da ita suke daskarar da madara su yi cuku. Sai dai ki ja musu kunne kan nononta, in ya shiga ido yana yi masa illa ƙwarai. Duman kada, mai yaɗo a bakin gulbi da babban fure shunayya kamar kakaki, makiyaya suna kore dabba daga gare shi don yana sa ta rawar jiki da tangaɗi.

In da za a ce in zaɓi guda ɗaya in kai yara su gani, bado zan zaɓa. Bayan ruwa ya cika fadamun gulbin Rima da tafkin Kware, faffaɗan ganyensa yakan rufe ruwa kamar faifai. Farin yana buɗewa da dare, ya kai har hantsi sannan ya rufe. Akwai kuma mai shuɗi-shuɗi wanda shi da rana yake buɗewa. In furen ya gama sai ya nutse, ɗan ya nuna a ƙarƙashin ruwa, dunƙule kamar ƙaramin lemo cike da ƙananan iri. Yaran fadama suna shiga su ciro su ci, mata kuma su shanya irin su daka. Kan da ke cikin laka shi ma ana tonowa in ruwa ya janye, a dafa ko a gasa. Wata tsohuwa a wani ƙauyen bakin Rima ta ce mini a shekarun fari na 1973 da 1984 bado ne ya tsaya tsakanin 'ya'yanta da yunwa. Tana magana a kansa da girmamawa kamar tana maganar wani dattijo da ya yi musu rana. Tare da shi za ki ga kainuwa tana yawo a kan ruwa ba ta kama ƙasa ba, wadda ake yi wa kirari da dashen Allah. Abin da ke damuna yanzu shi ne kacalla, wannan doguwar ciyawar ruwa, tana cinye wuraren da bado ke fitowa, ga kuma fadamun da ake cikewa ana gini.

Da kaka, ana cikin girbi, gawo yake nasa. Duk damina tsirara yake, sai ruwa ya ɗauke ya yi ganye ya yi huda fara mai ƙamshi. Shi ya sa hatsi ke kyau a ƙarƙashinsa: ba ya tare masa rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Masu zuma sun san lokacin, suna ɗora amya. Sarakunan Damagaram a ƙarni na 19 sun kafa doka mai tsanani a kan sare shi. Bagaruwa kuwa furenta ƙananan ƙwallaye ne rawaya, su ne ke zama 'ya'yan da majema ke jima da su. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, da bagaruwa aka jeme ta.

Sai maganar ado. A bakin iyayenmu mata, in aka ce fure ba a ƙara komai ba, furen taba ake nufi. Ana sayar da shi ɗanye a kasuwa, mace ta ci goro ta riƙa goga shi a haƙora har su yi ja, kuma a lokacin wannan shi ne kwalliya, saurayi ma yakan saya wa budurwa tare da goro. In akwai wurin da Bahaushe ya ba da kyautar fure, to nan ne. Al'adar ta ja baya, kuma ban yi baƙin ciki ba, don taba taba ce, asalinta ma daga nahiyar Amurka ta zo. Lalle ya fi ta daɗewa a wurinmu. Kowa ya san ganyen, da sa amarya a lalle, da hannu cikin zunguru, amma kaɗan ne suka kula da furensa, ƙanana farare masu ƙamshin da ke cika gida da dare. Sauran ƙamshinmu daga saiwa da ganye muke samo shi, irin su jema da ƙajiji da ɗoɗɗoya.

Guda ɗaya nake roƙon ki nuna wa yara don su guje shi: zaƙami, mai babban farin fure kamar kakaki da ɗa mai ƙaya, wanda ke fitowa a juji. Ana kiransa haukata yaro, kuma sunan bai yi ƙari ba. Na ga samari da aka zuba musu shi a abin sha wajen biki, wasu sun kwana biyu ba su san inda suke ba, yana kuma iya kisa. Duk wanda ya gan shi ya gane abin da ake nufi da furen juji.

Za su tambaye ki furannin da ke ƙarƙashin dawakai a tambarin Nijeriya. Tsiron sunansa na kimiyya Costus spectabilis, da Hausa takalmin zomo, saboda ganyensa huɗu masu faɗi da ke kwanciya a ƙasa. Furen na gaske rawaya ne, ko da yake a tambarin ja ake zana shi. Yana son ruwa fiye da abin da muke samu, sai an gangara kudu da mu ake ganinsa.

Wani likita ɗan Sikotilan, Dalziel, ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya bi ƙauyuka yana tambayar sunayen tsirrai, ya buga su a 1916. Har icen hano masana suka laƙaba wa sunansa. Sunayen Hausan da ya rubuta daga bakin mutanen ƙasar ya ji su. Jikokin waɗannan mutane suna nan, amma sunayen suna tafiya da masu su. Na taɓa ganin wata ma'aikata ta sa an tumɓuke sabara da kalgo da tsohuwar ƙarya a harabarta, aka dasa fulawar waje, ana ba ta ruwa da tanka. Ba ta ga ƙarshen Afrilu ba. Na yi magana tun kafin a fara, ba a saurare ni ba, har yau in na wuce wurin sai na ji zafi.

Ga abin da za ki yi, ba ya cin kuɗi. Ki ba kowane yaro aikin ya kawo fure ɗaya tare da sunan da kakarsa ko wani makiyayi ya faɗa masa, da amfaninsa, da watan da aka same shi. Ki rubuta sunan yadda aka faɗe shi, da Sakkwatanci ko Fulatanci ko Zabarmanci, kada ki gyara. Ki shimfiɗa furen da ganyensa tsakanin tsofaffin jaridu, ki danne da littattafai, kina sauya takardar kullum har ya bushe, sannan ki manna a kwali. Wanda ya gagare ki, sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da ma'ajiyar busassun tsirrai da za a gwada da ita. Masu nono da masu kan albasa ke za ki ɗauko da kanki, kada yara su taɓa, kuma in kin samu gindi biyar ki ɗauki ɗaya ki bar huɗu. Ƙarya tana kamawa daga reshe in an bar yankan ya bushe kwana biyu kafin a dasa a rairayi, ba ta son ruwa da yawa, sai dai a sa ta inda ƙananan yara ba sa kaiwa. Irin tafasa da yoɗo da gasaya a tara su da kaka. Zuwa Kware kuma ki shirya shi tsakanin Satumba da Oktoba, ku tashi da sassafe, don in hantsi ya ɗaga za ku tarar farin badon ya rufe.